Waken da Ƙwaro Ya Ƙi

Lauratu matar Kalilu ita ke da kaskon ƙosai a bakin tashar da kar, wato bas ɗin ma'aikata, ke tsayawa, nan Akokan. Tun da aka rufe ramin haƙar ma'adinai na ƙarƙashin ƙasa aka sallami mijinta, kaskon nan ne ke ci da gidan: ita, da shi, da yara, da uwarsa Inna Saratu, wadda haƙora suka ƙare mata amma ba ta taɓa mayar da ƙosai ba.

Duk kaka ƴan'uwan Lauratu na Matamaye, can ƙasar Damagaram, kan ɗoro mata wake a kamiyo, wato babbar motar kaya, ya ratso Agadas ya iso mana nan ya sha wuyar hanya. Kuma duk shekara ƙwaro ke raba shi da ita. Kun dai san ƙwaron wake. Tun daga gona yake shigowa cikin ƙwaya ya yi lamo, zafi na kamawa sai ki kwance buhu ki tarar ana hada-hada a ciki, kowace ƙwaya da tagarta. Kowace mace a unguwarmu da dabararta. Wata toka, wata barkono, wata ganyen bedi, wata ganyen anza mai warin nan da ke hawa kai. Masu ƙarfin hali kuma su je wurin Hashimu Bakano su sayo ƙwayar maganin da ake ce wa bom, a ƙulle ta a tsumma a cusa cikin buhu. Duk da haka kafin damina ta faɗi a kudu, rabin waken garin nan ya zama gari.

To, a kakar da nake ba ku labari, sai ga Kalilu ya turo wani shuɗin duro daga wurin masu sayar da tsofaffin ƙarafa, mai murfi da zobe. Ya wanke shi, ya shanya, ya juye waken matarsa ciki har baki, ya yanko robar taya ya naɗe bakin, ya ɗaure zoben da iyakar ƙarfinsa. Ya ajiye shi a rumfar awaki, ya ce duk wanda ya taɓa shi su haɗu. Lauratu ta ce to, Malam. Ta ci gaba da suya da ragowar buhu ɗaya da ta ware.

Sai da zafi ya yi zafi buhun nan ya ƙare, aka kira Kalilu ya kwance zobensa. Wallahi ni da idona na ga waken. Fari tas, sumul, kamar jiya aka sussuke shi. A samansa kuwa ga ƙwari nan a kwance birjik, ƙafafu sama, ko ɗaya ba ya motsi.

Da Lauratu ta yi shiru da bakinta, da yanzu ba ni da labari. Amma wace mace ce za ta samu wake irin wannan a watan zafi ta ɓoye? Ta ɗebo kwano guda ta tafi da shi injin markaɗe, inda mata ke layi, tana ta juya shi a hannu yana ƙara.

Bara'atu mutuniyar Tawa, mai ɗanwake a ɗaya gefen tashar, ta ɗauki ƙwaya ta duba gaba ta duba baya.

"Ke Laure, wanga wake na bana ne?"

"Na bara ne, ƙawata. Maigidan ne ya zuba mini a duro."

"Wane irin duro?"

"Na ƙarfe mana. Wurin ƴan gwangwan ya sayo."

"Kuma kin ce ƙwarin duka sun mace?"

"Ko ɗaya bai sha ba."

Bara'atu ta mayar da ƙwayar cikin kwanon a hankali, ta goge yatsunta a zane.

"To mi ya kashe su?"

Mai inji ma sai da ya rage wuta.

Wanda ba ɗan garin nan ba ba zai gane abin da ya sa layin ya yi tsit ba. Mu nan a kan dutsen yuraniyom muke zaune. Mazanmu da suka shiga rami sun koya mana cewa dutsen yana da tururi, ba a ganinsa, ba a jin warinsa, ba ya ƙuna, amma yana taɓa jikin mutum sannu a hankali. Shi ya sa kullum ake jan kunnenmu a kan ƙarafan da ba a san daga inda suka fito ba. To ga duro daga wurin ƴan gwangwan, ga ƙwari sun mutu ba rauni ba jini.

Kafin la'asar an ce duron daga cikin rami ya fito. Kafin magariba an ce da dare yana haske. Wata ta rantse akuyar gidan ta haifi ɗa mai kunne uku, alhali akuyar nan bunsuru ne.

Washegari Lauratu ta dasa kasko, mai ya yi zafi, ƙosai ya taso jawur. Kar ɗin ma'aikata ya tsaya, aka sauko, aka bi ta gabanta ana gaishe ta da ladabi fiye da kullum, aka wuce wurin Bara'atu. Direban kar ɗin, wanda kullum shi ke buɗe mata ciniki, ya tsaya nesa kaɗan ya ce:

"Hajiya, yau na duro ne?"

"Na duro ne, sai me?"

"A'a, ba komai. Azumi nake."

Ta bi shi da ido har ya je ya karɓi ɗanwake da yaji.

Haka ta kwaso ƙosanta ta dawo da shi gida. Inna Saratu ta ci abin da za ta iya, ta ce ita dai ba ta ji tururin komai ba sai na barkono. Kwana biyu ana haka. Lauratu ta gwada sayo waken kasuwa mai huji ta soya, tana rantsuwa ba na duro ba ne, aka ce to ai kaskon ya riga ya sha na duro.

Kalilu ya ce shi bai yi shekarun nan a rami ba don matan tasha su koya masa tururi. Ya hau kabu-kabu, babur ɗin haya, ya tafi Arlit nan kusa da mu ya ɗauko Alkassoum, wani Buzu da ya yi aikin awon tururi har ya yi ritaya, yana kuma da ɗan akwatin awonsa. Ba wanda aka gayyata, amma tsakar gidan ta cika, wasu a kan katanga. Ni kam an ba ni kujera saboda ƙafa.

Alkassoum ya gyara rawani, ya kunna akwatin. Sai muka ji ƙas. Ƙas ƙas. Ƙas.

Wata ta saki salati. Mutanen kan katanga suka fara sauka ta waje.

"Ku tsaya," in ji Alkassoum. "Ai ban kai shi wurin duro ba tukuna."

Ya kai shi jikin duron, ƙas, ƙas. Ya zura shi ciki, ƙas, ƙas. Ya ɗora a kan wake, ya ɗora a kan turmi, ya kai jikin bango, ya fita har titi ya ɗora a ƙasa, abin bai fasa ƙas ƙas ɗinsa ba. Ya dawo ya dubi Lauratu.

"Madam, wakenka ba shi da komai. Duro ma ba shi da komai."

"To kukan me yake yi?" in ji Bara'atu, daga bakin ƙofa inda ta tsaya da ƙafa ɗaya a waje.

"Haka yake kuka ko'ina. Ko Makka ka kai shi zai yi. In da abu, ba haka za ku ji ba, zai riƙa zuba ne kamar ruwa a kan kwano."

"Ashe dai yana jin wani abu."

"Yana ji, amma kaɗan."

"Kaɗan ɗin nan ai shi ya ishi ƙwaro."

Alkassoum ya ce a kawo waken Bara'atun a gwada. Aka ruga aka kawo, ƙwari na tashi daga cikinsa. Ya ɗora akwatin, ƙas, ƙas, ƙas. Bara'atu ta dafe ƙirji ta ce an shafa mata. Nan wuri ya rikice, wasu na cewa ashe duk waken garin ne, wasu na cewa akwatin ne ya ɗauko daga duro ya kai wa na Bara'atu, wani tsoho kuma ya matso yana roƙo a ɗora masa a gwiwa.

Kalilu ya fusata ya ce a juye duron kaf kowa ya gani. Aka shimfiɗa tabarmi, maza suka kama da tsumma a hannu suka tuntsurar. Wake ya zubo. Daga can ƙasa sai ga busasshen ganyen anza da jan barkono suna biyowa.

Kalilu ya juya ya dubi matarsa.

"Laure, mene ne wannan?"

"Ni na zuba, Malam, ranar da ka shanya shi. Na ga ƙarfe ne tsura, na ce ina ƙarfe zai iya da ƙwaro."

"Ban ce kada a taɓa ba?"

"Ai lokacin ba ka ce ba tukuna."

Mata suka ɗan saki jiki. Anza ai tamu ce, kowa ya san warinta na korar ƙwaro. Har an fara cewa to ashe anza ce, sai wata ta tuna cewa ita ma anzar ta zuba wa nata, ga shi can ya zama gari. Ana cikin wannan sai wani ƙullin tsumma ya gangaro daga tsakiyar waken ya tsaya a gaban Alkassoum. Ya sa tsinke ya kwance. Gari ne a ciki, toka-toka.

Yanzu kam har masu kujera sai da muka ja baya.

"Ƙurar rami!" in ji wani.

"Bom ɗina ne," in ji Kalilu. "Wurin Hashimu na saya, ni na ƙulla na sa a tsakiya. Haka yake komawa gari in ya gama aiki."

"Ƙarya kake, Kalilu," in ji Inna Saratu daga kan tabarmarta. "Tokata ce. Ta murhuna ce, na yi mata tofi na ƙulle, na cusa lokacin da ka tafi neman roba. Ka dubi tsumman, ai tsohon zanena ne."

"Inna, ni ma a tsohon zanenki na yaga."

"To ka ga ka yaga mini zane kuma."

Ƙulli ɗaya, masu shi biyu. Aka baje waken nan ana tonon na biyu, ba a samu ba. Kalilu ya fara shakkar kansa, ya ce ko dai ya ƙulla ne ya manta bai sa ba. Inna Saratu ta ce ita ba ta mantuwa, sai dai ba ta tuna ko a duron ta cusa ko a buhun gero. Aka aika a kira Hashimu.

Hashimu ya zo yana taunar goro, ya tsuguna nesa da ƙullin, ya leƙa.

"Kai, Damagarawa! Abu ɗaya sai kun haɗa masa magani huɗu kamar mai ciwon aljanu. Ni dai na sayar masa da ƙwaya, wannan na sani."

"To wannan ita ce ko toka ce?" in ji Lauratu.

"Hajiya, in ta gama aiki ita ma toka take zama. Sai dai a sansana, ni kuwa ba zan sansana ba, kada ma wanda ya sansana. Ku haƙa rami nesa da gida ku binne. Waken kuma a bar shi a baje ya sha iska ƴan kwanaki, a wanke kafin a markaɗa. In bom ne, shi ke nan ya fita. In tokar Inna ce, an yi asarar tofi."

"In kuma ta rami ce fa?" in ji Bara'atu.

"Wannan ba a shagona aka saya ba."

Alkassoum ya ɗora akwatinsa a kan ƙullin. Ƙas, ƙas, kamar ko'ina. Ya kashe shi ya sa a jaka. Sannan ya tsaya yana duban murfin duron da robar da aka naɗe shi da ita.

"Kalilu, kai da ka yi rami. In injin iska ya tsaya a ƙasa, me ake yi?"

"A fito da gudu mana."

"To su waɗannan ka rufe su, ka ɗaure da roba, ba ƙofa. Ina jin iska ce ta ƙare musu."

Wasu tsofaffin ma'aikata suka gyaɗa kai. Amma mata suka ce ƙwaron da ke kwana cikin ƙwayar wake, a ɗakin da ba ƙofa ba taga, shi za a ce wa iska ta ƙare? Alkassoum ya ce shi dai tsammani ya yi, tururi ya karanta, bai karanta ƙwaro ba. Aka watse, kowa da abin da ya riƙe: masu anza, masu bom, masu tofi, masu iska, masu rami. Ba wanda ya ce gobe a ajiye masa ƙosai.

Aka binne ƙulli, wake ya sha iska, aka mayar da shi duro. Lauratu ta fita da kasko ta dawo da ƙosanta cif. Ta sake fita ta sake dawowa. Mai ya fara ƙarewa a bido, wato jarka, ta daina fita. A kasuwa kuwa sabon salo ya shigo: mace za ta tsaya gaban mai wake ta ce ya tona mata ta ga mai motsi. Hashimu da kansa ya ɓoye buhunansa masu kyau a bayan shago ya fito da masu huji gaba.

Wata safiya sai ga Lauratu a ƙofar Bara'atu da ƙwarya a hannu, cike da farin waken nan, da ɗan tsumman gidan sauro. Ni ina can na je aron rariya.

"Salamu alaikum. Ƙawata, aro na zo."

Bara'atu ta dubi ƙwaryar, ta ɗan ja kujerarta.

"Aron mi?"

"Ƙwari."

"Ke Laure, lafiyarki?"

"Lafiyata lau. Kin ce abin da ke cikin wakena yana kashe ƙwaro. To ba ni naki masu rai, ki zuba da hannunki, ki ɗaure bakin da hannunki. A ajiye a gindin bedin tasha inda kowa zai gani. In sun mutu, in kifar da duron in koma Matamaye. In sun rayu, ke za ki fara cin ƙosan."

Bara'atu ta so ta zame, amma mun yi yawa a wurin. Ta shiga ta kakkaɓo su daga buhunta, masu ƙiba, ta zuba, ta ɗaure.

Ƙwaryar nan ta ga mutane. Mai shayin tasha ke shigar da ita rumfarsa da yamma ya fito da ita da safe. Ma'aikata kafin su hau kar sai sun leƙa, in sun dawo sai sun leƙa. Da farko ƙwari na ta zarya, Lauratu na zuwa tana kallo daga nesa tana murmushi. Sai ɗaya ya kife. Sai biyu. Kafin a ce haka an wayi gari dukkansu a kwance, ƙafafu sama.

Bara'atu ba ta yi guɗa ba, don tana da kunya, amma ranar har gyara ta yi wa kowa. Lauratu ta tsaya a kan ƙwaryar tana kallo. Kalilu ya ce ai ƙwaro dama ba ya daɗewa a duniya, aka ce to na buhun Bara'atu me ya sa ba sa ƙarewa? Da yamma aka ga Lauratu ta kife kaskonta ta ɗaure shi da igiya, ta aika a tambayo mata ranar da kamiyon Damagaram ke tashi. Inna Saratu ta yi ta kuka, wai ba tafiyar ce ta dame ta ba, wa zai riƙa yi mata ƙosai mai laushi.

Ƙwaryar kuwa aka manta da ita a saman rumfar mai shayi, don ba mai son taɓa ta. Kamiyo ya yi ta ɗaga tafiya, yau taya, gobe mai. Ana nan har wata ya kusa zagayowa, mai shayi ya hau neman wani abu sai ya ji motsi a cikin ƙwarya. Ya sauko da ita da sanda. Tsumman gidan sauron nan baƙi ƙirin da ƙwari, sababbi, ƙanana, suna hawa kan juna. Waken kuwa kowace ƙwaya ta huje. Ashe kafin na Bara'atu su mutu sun bar ƙwai.

Sai ga gardama sabuwa: wasu suka ce ƴaƴan ne, wasu suka ce matattun ne suka tashi, wanda kuma in haka ne abin ya fi na da ban tsoro. Amma ɗaurin Bara'atu ne a bakin ƙwaryar, ita da kanta ta duba ta ce ba a kwance ba.

Da asuba Lauratu ta kwance igiyar kasko. Ta wanke wake daga duro, ta kai markaɗe, ta dasa murhu a wurinta, ta ajiye ƙwaryar a kan kujera kusa da ita. Na farkon da ya fito daga mai ta tsame shi ta tsallaka titi da shi a matsami. Bara'atu ta karɓa, ta yi bisimilla mai tsawo, ta rufe ido ta tauna. Muna kallo. Ta haɗiye. Ta ce gishiri ya yi kaɗan.

Kar ya tsaya. Direban ya sauko, ya zo ya tsuguna gaban ƙwaryar, ya ɗaga gefen tsumman da ɗan yatsa. Ɗaya ya tashi ya sauka a wuyan rigarsa, ya bi shi da kallo yana tafiya.

"Wannan kam lafiyarsa lau," ya ce. "Hajiya, zuba mini, da yaji."

Na bayansa suka matso, kowa na son ya leƙa kafin ya miƙa hannu. Lauratu na tsame ƙosai da hannu ɗaya, ɗayan na kore su daga kujerar.

"Kai, ku leƙa ta sama! Wa ya ɗaga? Rufe mini ƙwarya kada su gudu!"